Gwaggo Tambaya da Ɓawon Ayaba

Direbobin da ke bin hanyar Kano zuwa Zariya da sassafe sun san ta, ko da ba su san sunanta ba. Tsohuwa ce doguwa, siririya, da baƙin zane da kwando a ka. Kafin rana ta ɗaga ta iso bakin titin Garun Mallam, inda motocin Kudu ke tsayawa direbobi su karya kumallo, masu talla su sari ayabar da ta nuna a hanya. Ita ba ayaba take nema ba. Ɓawon take tsinta, a gindin tebur, a bakin kwata, a ƙarƙashin motar da injinta bai ma mutu ba. Tana kokawa da awakin gari a kansa, tana kaucewa tayoyin da suka fi ta tsawo.

Da hantsi ta koma gida Unguwar Jaji, ɗan ƙauyenmu da ke gabas da titi, tsakanin Kura da Bunkure. Ta zauna ta yayyanka ɓawon ƙanana, ta hau tsani ta shanya a kan soro har ya yi baƙi ya bushe ƙayau. Ta daka a turmi, ta gauraya da toka da ɗan kashin kaji. Wannan garin shi ne takinta. Cikin tafin hannu take ɗiba, ta tona gefen shuka da yatsa, ta zuba, ta rufe, ta bi da ruwan da aka yi alwala da shi. A kan soron nan nata, cikin fasassun tukwane da tsofaffin garewani, akwai alayyafo da rama da yakuwa da tattasai da tumatir, an jera su ta bakin bango inda azara ta fi ƙarfi, kowace da kasko a ƙarƙashinta don kada rufin ya jiƙe.

Sunanta Tambaya, mu kuwa Gwaggo muke ce mata. Ni Iliyasu ne, malamin firamare, katanga ɗaya ce ta raba gidana da nata. Bana gwiwoyinta suka ƙi, ta daina zuwa bakin titi. Ba wanda zai tara jama'a ya yi mata sallama irin ta ma'aikatan gwamnati, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Mijinta, Dattijo, Bafulatani ne da ya zauna ya haɗa kiwo da noma. Ya rasu ya bar ta ba ɗa, 'yan'uwansa suka kora shanun suka yi Kudu. Da aka fara aikin noman rani a Kadawa sai ta samu shara a gidajen ma'aikata. A can ta ga matar wani akawu, 'yar Kudu, ta jera gwangwanaye a baranda tana shuka ganyen miyarsu, tana tura ɓawon ayaba cikin ƙasar. Ba su jin yaren juna. Gwaggo ta nuna gwangwanin da tsintsiya, matar ta tona ta nuna mata yadda ɓawon ya ruɓe ya zama baƙar ƙasa. Iyakar karatun ke nan. Sauran ita ta yi ta gwadawa a gida, muna yi mata dariya.

Sai shekarar babban fari ta zo, ta haɗu da shekarar da aikin ruwa ya iso gonakinmu. An tara mu an yi mana bayani: za a baje gonakin, a haƙa hanyoyin ruwa, in an gama a mayar wa kowa tasa. Ba mu ƙi ba, kuma daga baya an mayar. Amma kafin a mayar sai da aka rayu. Katafila ta shiga, ta kwashe ƙasar sama ta bar ja. Kukoki da ɗorayin da muka gada suka kwanta, saiwoyinsu a sama. A ƙauyukan da aikin bai kai ba, gero ya bushe tun bai yi kai ba, balle mu je mu roƙa. Hatsi dai ana samu da ƙyar, na saye da na agaji. Abin da ya ɓace shi ne miya. Ba kuka, ba daddawa, ba ɗanyen ganye ko a bakin rafi, don rafin ma ya ƙafe. Sai a dama gari da gishiri a kira shi tuwo da miya.

Manya sun jure. Yara ne suka fara nunawa. Bakinsu ya tsattsage, gashinsu ya yi ja, ƙafafu suka kumbura. Da magariba ta yi sai ka ga yaro yana laluben bango a gidan da aka haife shi. Dundumi ke nan. Ana cikin haka ƙyanda ta shigo. Duk wanda ya yi wannan shekara a Unguwar Jaji ya san yadda muke fita masallaci da asuba muna kasa kunne, muna jiran mu ji daga wane gida kuka zai tashi. A aji na daina tambayar dalilin da wane bai zo ba.

'Yata Kubra ba ta daɗe da yaye ba ƙyandar ta kama ta. Ta tashi, amma idanunta ba su tashi ba. Ta ƙi haske, kullum fuskarta a cikin zanen uwarta, Rabi'atu. Na goya ta a keke zuwa ɗakin shan magani na Kura. Malamin asibitin ya buɗe idon hagu ya duba, sannan ya buɗe na dama. Ya ba ni ɗan magani, ya ce, “Malam, na hagun nan ban yi maka alkawari ba. Na daman kuwa, a ba ta ganye kullum, da manja ko hanta in an samu. In ya yi fari kamar wancan, shi ke nan.”

Na dawo ina tuƙa keke a tsakiyar fili ja wanda ba ko tsiro a cikinsa, ina jin numfashinta a bayana.

Washegari Gwaggo ta yi sallama a tsakar gidanmu, rungume da rabin tukunya. Alayyafo ne a ciki, kore shar, irin koren da ido ya manta da shi.

“Rabi, ga wannan,” ta ce wa matata. “Ki riƙa tsinkar na ƙasa, ki bar kan. Ki ɗora shi bisa rumfa, akuya ba ta da kunya.”

Rabi'atu ta ce, “Gwaggo, da me zan ba shi ruwa? Na sha ma aunawa muke yi.”

“Malam ba ya alwala? Ki sa masa kasko a ƙarƙashi.” Ta kwance bakin zanenta ta miƙa mata wani ƙulli. “Wannan kuma abincinsa ne. Ƙasar nan da suka bar mana ba ta da rai, sai an ciyar da ita. Shanu sun tafi da kashinsu, takin zamani kuma na gonar gwamnati ne. Abin da ya rage mana shi ne abin da masu mota suka yar.”

Haka ta yi ta bin gidaje. Matan da ba sa fita ta kai musu lambu har ɗaki. Ba ta karɓi komai ba sai fasasshiyar tukunya, in akwai. Kafin wata biyu, in ka hau tudu ka dubi ƙauyen, sai ka ga kore a kan rumfuna da katangu, ƙasa kuwa ja ko'ina. Buƙata ta yi yawa, shanya da daka suna cin lokaci, sai ta koma jiƙa ɓawon a tuluna, ya kwana biyu ya tsima, ta tace ruwan ta sirka ta rarraba. Ya fi sauri. Amma yana da wari, kuma ƙudaje sun same shi.

A wannan tsakanin rijiyoyin ƙauyen suka ƙafe, aka koma ɗiban ruwa a tsohon kududdufin bayan gari. Ba a jima ba amai da gudawa suka ɓarke. Wannan ba ta jira kamar ƙyanda. Yaro na wasa da safe, kafin la'asar an yi masa sutura. Ba mu san daga ina take zuwa ba, kuma mutum in bai san abin da ke kashe masa 'ya'ya ba, sai ya nemi abin da hancinsa ke ji. Maganar ta fara a majalisar ƙofar masallaci, a hankali. Wai warin gidan tsohuwar nan ne. Wai me take tsimawa a tulunan nan da ba ta bari a leƙa. Wai ta saba da mutanen Kudu, wa ya san abin da suka koya mata. Wai ita da ba ta haifa ba, me ya haɗa ta da gidajen masu yara. Na ce ni na ga abin da ke cikin tulunan, ɓawon ayaba ne da ruwa. Wani ya dube ni ya ce, “To, Malam, ai taka 'yar ma ta ci, ga idonta nan.”

Ranar da aka binne Bilya, ɗan farin Surajo, da azahar muka taso daga maƙabarta. Surajo magini ne, mutum mai sanyin hali, shi ya yi wa Gwaggo yaɓen soronta. Maimakon a nufi zaurensa a zauna gaisuwa, sai na ga sahun gaba ya karkata. Ba wanda ya ce a je. Ba wanda ya ɗaga murya. Takun ƙafafu kawai kake ji, kuma kowa ya san inda aka dosa. Na kutsa na riga su ƙofar Gwaggo, na buɗe baki, aka ture ni gefe kamar labule.

Wata maƙwabciya ta riga ta sanar da ita ta kan katanga, har Gwaggon ta hau soro. Tulunan na jere a inuwar bango. Wani ya ɗauki taɓarya. Da na farko ya fashe, wari ya tashi, ƙudaje suka watse, sai na ji ana cewa, “Kun ji ko? Kun ji abin da muke shaƙa?” Aka bi sauran. Baƙin ruwa ya malale tsakar gidan har zaure.

Surajo ya hau tsani da fartanya a hannu. Tukwane suka fara faɗowa ɗaya bayan ɗaya, suna tarwatsewa a gabanmu, ƙasa da saiwa da ganye. Wani ya janye tsanin ya yar. Daga inda nake ina hango ta. Ta ja da baya har ƙarshen rufin, ta durƙusa kusa da indararo, ta riƙe bakin bango da hannu biyu. Ba ta yi kuka ba, ba ta roƙi kowa ba. Leɓunanta kawai ke motsi. Surajo yana matsowa, tukwanen da ke tsakaninsu suna raguwa. A bayana wata murya ta ce, ba da ƙarfi ba, “A jeho ta.” Na juya in ga mai maganar, na ga fuskokin mutanen da nake salla da su kullum, ban gane ko ɗaya ba.

A lokacin ne mai unguwa ya iso tare da duba-gari, Malam Mukhtari, wanda aka turo daga Kura da safen nan saboda cutar. Na ce a raina an tsira. Duba-garin ya durƙusa gaban gindin wani tulu da bai gama zubewa ba, ya sa ludayinsa ya ɗebo, ya ɗaga a rana. Tsutsotsin sauro na wutsil-wutsil a ciki.

Ya ce, “Wannan laifi ne. Da ni na fara zuwa, da ni zan fasa su.”

Gidan ya ɗauki guna-guni. Wasu suka fara neman tsanin.

“Amma sauro zazzaɓi yake kawowa,” ya ci gaba, yana ɗaga murya. “Gudawa ta baki take shiga. Ku kai ni inda kuke ɗiban ruwan sha.”

Ba wanda ya motsa. Ba na jin ma sun ji shi. A sama Surajo ya gama da tukwane, ya tsaya a kanta da fartanyar a hannu.

Sai wata murya ta fito daga bayan katangar yamma, muryar mace, a dushe. Ruƙayyatu ce, matar Surajo, wadda aka fitar da gawar ɗanta daga ɗakinta da safen nan. Yawancin mazan da ke wurin ba su taɓa jin muryarta ba.

“Maigida, ka sauko. Yaron nan bai taɓa shiga gidan Gwaggo ba. Ƙishirwa ya ce yana ji, na ba shi ruwan kududdufi, ban jira ruwan ya kwanta ba. Da hannuna na ba shi. In jefowa za ka yi, ka zo ka fara da ni.”

Wurin ya yi tsit, har ana jin ɗigar ruwa daga fasassun tuluna. Surajo ya daɗe a tsaye. Sannan ya saki fartanyar, ya zauna a kan rufin ya rufe fuska. Wanda ya janye tsanin shi ya mayar da shi. Mutane suka fara zamewa ta zaure, kowa kansa a ƙasa, wasu suka bi duba-gari bayan gari.

Gwaggo ba ta iya saukowa ba. Sai bayan la'asar ni da mai unguwa muka sauko da ita a hankali. Ta dubi tsakar gidan, ta dube ni.

“Malam, alayyafon Kubra fa? Sun shiga gidanka?”

Na ce ba su shiga ba.

“To, a ba shi ruwa. Yau an yi rana.”

An hana shan ruwan kududdufin sai an tafasa, aka riƙa kawo ruwa a tanka, cutar ta lafa a hankali. Amma Gwaggo ta rufe ƙofarta. Kwanaki suka wuce ba a gan ta a hanyar titi ba. Ƙullin takin da ke gidaje ya ƙare, ganyen kan rumfarmu ya fara rawaya daga ƙasa. Kowace safiya sai in kai Kubra bakin ƙofa, in buɗe idonta na dama da yatsa ina dubawa. Rabi'atu kan tsaya a bayana ba ta tambaya, fuskata kawai take karantawa.

Mata ne suka buɗe ƙofar nan. Ruƙayyatu ce ta fara: ta cire dashen tattasai daga tukunyarta, ta naɗe saiwar a tsumma, ta miƙa ta kan katanga, gida ya ba gida har ya isa. Wata ta aiko da rama, wata da irin alayyafo, wata da garwar da ta huje. Ba saƙon baki ko ɗaya. Wata safiya na fito na hango baƙin zane da kwando can nesa cikin jan fili. Ba ta bi ta ƙofar masallaci ba, ta bayan gari ta zaga, kuma tun daga ranar ta nan take bi.

Ba ta yi jayayya da duba-gari ba. Ta koma shanya da daka. In ta jiƙa, tulu ɗaya ne, bakinsa ɗaure da ƙyalle, kuma ba ya wuce kwana biyu. Duk wadda ta zo koyo, da wannan take fara mata.

Idon Kubra na hagu ya tafi. Na dama yana nan, da shi take karatu a ajina yanzu, a layin gaba. Ba zan ce ganye ne kaɗai ya tsare shi ba. Akwai maganin Kura, akwai kuma ikon Allah a kan komai. Abin da na sani shi ne an ce in ba ta ganye kullum a shekarar da ba ganye, kuma kullum an samu.

Gwaggo, ke ce kika durƙusa a ƙarƙashin manyan motoci don 'ya'yan da ba ke kika haifa ba. Ke ce aka kira da sunan da ba zan rubuta a nan ba, kika sauko daga soro da tambayar shukar 'yar maƙwabcinki a bakinki. Uwar miya, mai lambun sama. Yau ruwan madatsar Tiga na gudu a gonakinmu, muna loda tumatir a mota ana kaiwa birni, har mun fara mantawa da cewa akwai shekarar da rabin tukunya a kan rumfa ita ce gonar gida gaba ɗaya. Mu da muka gani ba mu da izinin mantawa.

Juma'ar da ta wuce na shiga gaishe ta, na gaya mata zan rubuta wannan. Tana zaune a tabarma da wasu mata biyu daga wani ƙauye can bayan Bunkure, inda aka ce aikin ruwa zai isa da rani mai zuwa. Sun ji labarin abin da ke zuwa kafin ruwan ya zo, sun taho koyo tun da wuri. Tana nuna musu yadda ake gane ɓawo ya bushe: ta karya ɗaya kusa da kunnen ɗayarsu.

Na ce, “Gwaggo, ranar nan a kan soro, ban ga kin ji tsoro ba.”

Ta ce, “Ba ka duba da kyau ba, Malam. Har yau in na ji muryoyin maza sun taru a ƙofa, sai in nemi tsani da ido. Ga shi kuma yanzu ba na iya hawa.”

Da zan fita na tarar da buhu jingine a zaure, cike da ɓawon ayaba. Tun da gwiwoyinta suka ƙi, Surajo ne ke tsinto mata in ya kai tumatir bakin titi, ya ɗauro a bayan keke. Bai taɓa ba ta haƙuri da baki ba, ita ma ba ta nema ba. Yakan ajiye buhun ya ƙwanƙwasa ƙyaure sau ɗaya ya wuce. Ba ya sallama, don ya san abin da muryarsa ke yi mata.

Mun gode, Gwaggo Tambaya. Ku kuma masu karatu, na ƙauye da na birni, ko baranda ce kaɗai gare ku a saman bene, ku nemi tsohuwar garwa ku huda gindinta, ku daina yar da ɓawo, ku koya wa maƙwabta. In kuma wata rana tsoro ya shigo garinku, kuka ga sahu ya karkata zuwa ƙofar wani, ku tuna akwai wata tsohuwa a Unguwar Jaji da har yau take zagawa ta bayan gari. Allah Ya ba ta lafiyar gwiwa, Ya kwantar mata da hankali a cikin gidanta.